Horon da Issufu ya kwaso a Konni

Zuwa ga Yaya Abdu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Ya ƙafar taka, ta daina kumburi? Ya mutanenmu na can? Mu nan Bazaga lafiya lau, Inna da sauƙi, gero ya kai gwiwa.

Sai dai ka ji abin da ya samu ɗanka Ilu. Issufu sarkin samarinmu, wanda ko akuya bai taɓa kiwatawa ba, shi aka kai Konni horo, wai ya koyo yadda ake nuna wa matasa darajar kansu. Ya dawo da tabarau da jakar hannu. Ana tsakiyar noma ya tara yara, shi bisa kujera a inuwa, su a ƙasa cikin rana, yana tambayar kowa abin da yake son zama. Ilu ya ce amalanken jaki yake so, ya riƙa kai kaya kasuwa kamar ubansa. Issufu ya yi dariya har da cire tabarau, ya ce, "Wannan ba buri ba ne, yaro. Mai daraja a buro yake zama, bisa kujerar ofis."

Tun ranar Ilu bai taɓa igiyar jakinka ba. Ya tafi Malbaza, yana yini a ƙofar masana'antar siminti, wai jiran aiki. Gonarka kuwa ciyawa ta cinye.

Yaya, ka aiko masa da saƙo, maganarka yake ji. Ka sa mu a addu'a, ka gaida su Kawu Idi. Kafin a koya wa yaron nan darajar kansa, bai taɓa jin kunyar sana'ar ubansa ba.

Ƙanwarka,
Hadiza