Rumfar Gadar Kakanmu

Zuwa ga ƙanena Haruna a Ikko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Da hannuna na rubuta wannan, ban nemi kowa ba, don yanzu na koyi boko.

Ka sani bana Maigari ya hana gayyar baibaye rumfar da ke kan gadar da kakanmu ya gina. Ni kuwa na gan shi da 'yan kwangila daga Daura suna auna azarorinta, sai ga shi da sabon babur. Da na tambaye shi gaban dattawa ko sayar da azarorin zai yi, ya ce, "Malam Idi, boko ya hau kanka."

Na yanko ciyawa. Ran Asabar zan hau rumfar, ko da ni kaɗai ne. A sa ni a addu'a, kuma ka gaida maiɗakinka Ladi.

Yayanka,
Idi