An Biya Makiyayi da Girgije

Hajiya Zuwaira, ki taimaka mini don girman Allah. Amanar shekara ashirin ce ke neman tsinkewa a hannuna, kuma duk wanda na fara ba labarin sai ya kama dariya kafin in kai ƙarshe.

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Arlit tun da ƙuruciyata. Maigidana Malam Halidu ya yi aikin ma'adini har ya ajiye lafiya lau, da yatsunsa goma cif. Yara sun kama gabansu, muna da ɗan gidanmu a Akokan, ina suyar ƙosai da safe don kada zama ya rusa ni. Wallahi ba ni da abin kuka a duniyar nan sai godiya. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, shi ne awakina.

Kin san akuyar gari, leda da kwali ne abincinta. Shi ya sa tun shekarar da na yi haihuwar auta na ba wani mutumin Gugaram mai suna Illi kiwon 'yan awakina biyu. Yau ga su garke guda. Nonon na matarsa Lalla ne, ita kuma takan aiko mini da cuku. Duk sanda ya shigo gari gidanmu yake sauka, mu ɗora masa hatsi da shayi da sukari, wani lokaci da turmin zane na Lalla. Ba mu taɓa zama lissafi da shi ba, shi ma bai taɓa cewa kaɗan ne ba. Da yake Hausa ba harshensa ba ce, har yau "kai" yake ce mini maimakon "ke" in muna hira, ni kuwa in yi ta tsokanarsa.

To, tun da Malam ya bar aiki, salula, wato wayar hannu, ta zama gonarsa. Da ita yake biyan wuta, da ita yake aika wa tsohuwarsa a Damagaram. Ba zan ƙi gaskiya ba, abin yana aiki, don kafin ya mayar da ita aljihu tsohuwa ta kira tana sa albarka. Sai ya ce ɗora buhu tsohon yayi ne, ya buɗe wa Illi asusu a 'yar salularsa, a riƙa tura masa ya sayi abin da ransa ke so. Raina bai so ba, amma na bar shi ya yi.

Daminar bana ruwa ya makara. Malam ya duba meteyo, wato hasashen yanayi, ya ga alamar ruwa wajen Dannat. Da idona na ga an sa kashi saba'in cikin ɗari. Shi kuwa Illi sai ya hau dutse yake samun rezo, wato layin waya, maganar ma tana yi tana yankewa. Cikin sauri Malam ya ce masa ruwa na nan tafe Dannat, ya kaɗa dabbobi ya riga kowa. Ko in sha Allahu bai sa ba! Illi yana ganin girman Malam, ya kwashe tanti da garke ya tafi. Hadari ya haɗu ya watse, ko ɗigo. Ruwan sai ya zuba a bayansu, inda suka baro. A hanyar dawowa tsohuwar akuyata mai farin goshi ta faɗi, da wasu nasa biyu.

Ban yi fushi ba, rai ai na Allah ne. Abin da ya ƙarasa ɓata zancen shi ne zuwan da ya yi bayan damina don ya ciri kuɗinsa, mu kuwa mun tafi biki Agadas. Ya je butik, wato shagon da ake cirewa, aka ce babu rezo. Ya zauna har la'asar, rezo ya dawo, aka ce tsabar kuɗi ta ƙare sai gobe. Motar Gugaram ba ta jiran kowa. Haka ya koma hannu rabbana, Lalla na can tana jiran hatsi.

Shekaranjiya direban motar ya kawo mini cuku da saƙo. Wai Illi ya ce salular da ta ce ruwa na zuwa ita ce ta ce kuɗi sun zo, shi kuwa bai ga ko ɗaya a ƙasa ba. Wai da sanyi ya shigo zai koro mini awakina, in nemi makiyayin da ake biya da girgije.

Malam kuma ya kafe. Duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna masa saƙon shaida, ga rana ga sa'a, kuɗi na nan kwance ba wanda ya taɓa. Ya ce hasashe daban, biya daban, haɗa su rashin sani ne. Ni dai ban san wa ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, in awakin nan suka dawo ba ni da inda zan zuba su, kuma Lalla, wadda ta bar gidanta ta zo ta yi jinyata lokacin da aka yi mini aiki, ba za ta ƙara taka ƙofata ba. Wannan ne ke ci mini rai. In bi bayan mijina ne, ko in bi bayan mai kiwona?

Mai Awaki, Akokan

*

'Yar'uwa Mai Awaki,

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Wanda ya yanke zumunci ba ya haɗo saƙonsa da cuku. Illi fushi yake yi, kuma da ya ce sai sanyi ya shigo, lokaci ya ba ki.

Malam Halidu yana da gaskiya a wuri guda. Meteyo magana ce a kan abin da bai faru ba. Masu yin ta suna auna iska da gajimare su faɗi abin da ya fi yiwuwa, shi ya sa suke sa kashi. Saba'in cikin ɗari na nufin akwai talatin da ke cewa a'a, balle a ƙasa irin tamu da ruwa kan jiƙa wannan kwari ya tsallake na kusa da shi. Saƙon biya kuwa labarin abin da ya riga ya faru ne, kuɗin sun bar hannunku suna sunan Illi. Salula ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Malam ne ya gutsure rabin maganar meteyo kafin ya miƙa ta.

Amma shi ma Illi ba shirme yake yi ba. Ku a gari kuna yarda da abu in saƙo ya iso da sauri, shi kuwa sai ya ga abin da ya shiga tukunyar Lalla. Biyan da sai an hau dutse a gan shi, a hau mota a nemo shi, a dawo babu shi, bai gama zama biya ba. Abin da ke yi wa tsohuwar Malam aiki a Damagaram, inda butik ke bakin ƙofa, ba lalle ya yi wa mai tanti ba. Sannan da can in ya zo karɓar hatsi tabarma ake shimfiɗa masa a ɗora shayi, wannan karon kuwa a bakin butik ya wuni kamar mai roƙo. Ki yi haƙuri in ƙara da wannan: a wasiƙarki kin san goshin akuyarki, nasa kuwa "wasu biyu" kika ce. Akwai wanda ya yi masa jajensu?

Kada ki bi bayan kowa, ba gaban alƙali kuke ba. Kada kuma ki tsaya sai Malam ya amsa laifi, za ku kai baɗi kuna abu ɗaya. Ki ba shi aikin da zai yi da fara'a: ya biya mai hatsi a kasuwar Arlit ta salula, ya biya direba ta salula, buhu ya isa Gugaram. Kuɗin da ke kwance kuwa, ranar da Illi ya shigo gari Malam ya raka shi butik da ƙafarsa, da sassafe kafin tsaba ta ƙare. Meteyo ma kada ku daina gaya masa, don ranar da ruwa zai cika ƙorama ya taho da ƙarfi tana iya ceton garke. A dai faɗa masa ita cikakkiya, da kashinta da in sha Allahunta, a bar shi ya haɗa da abin da idonsa ya gani.

Buhun farko kuwa ba na aike ba ne. Ki shiga motar da shi, ke da Malam, ku sauka a ƙofar tantin Lalla, ku sha shayinsu har kofi na uku kafin kowa ya ambaci akuya. Ki yi wannan a satin nan, ƙosai zai jira ki. Makiyayi in ya riga ya kaɗa garke ya kama hanya a gaban mutanensa, ko zuciyarsa ta huce kunya ba za ta bar shi ya juya ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya sanyaya zuciyar Illi, ya ba Gugaram damina mai albarka.

Hajiya Zuwaira