Kwaɗon da Na Sa wa Tankin Ruwa

Beru, Kiribati.

Zuwa ga ƙanena Baraniko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da matarka Rakera. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya ba ku ƙarfin aikin gonar tuffa, ya raba ku da sanyin New Zealand da kake ta kuka da shi. Inna tana nan, gwiwa ce ta hana ta zuwa coci, amma bakin bai gaji ba. Maigidana Tiaon yana fita kamun kifi kamar kullum. 'Yarka Tabera ta miƙe, tana cin abinci, jiya har kaji ta kora. Na fara da ita ne don hankalinka ya kwanta, domin sauran labarin ba daɗi.

Teuea ya rasu. Autana, wanda ka bari suna rarrafe tare da Tabera. Mun binne shi a bayan gida kusa da Baba. Ni na hana a gaya maka ta waya, don na san halinka, sai ka yar da kwando ka taho hannu rabbana, ni kuwa ba zuwan ta'aziyya nake so ka yi ba.

Bayan tafiyarku mutanen wata ƙungiya ta ƙasashen waje suka zo da siminti da bututu. Suka tara mu a maneaba, zauren taronmu, wata Baturiya ta ce zuwa bakin teku da muke yi don bayan gida ne ke sa yara ciwo, za su taimaka kowane gida ya yi ban-ɗaki. Baffa Katarake, ka san bakinsa, ya ce tun kakanninmu teku ke kwashe mana kunyarmu safe da yamma ba ta taɓa gajiya ba, yanzu kuma an ce mu gina wa abin ɗaki mu ajiye shi kusa da tukunya. Aka yi ta dariya, amma kowa ya karɓi siminti. Ba zan ce mugunta ta kawo su ba, sun faɗa sun nanata cewa a nesanta rami da rijiya. To nesa ina? Filin kowa siriri ne, kuma wa zai kai ƙazantarsa ƙasar wani dangi? Kowa ya haƙa a nasa, ga rami ga rijiya, a yashin da in ka zura hannu zuwa kafaɗa ka taɓa ruwa.

Sun kuma kawo tankin tara ruwan sama, aka kafa shi a gidanmu saboda rufin kwanon da ka yi mana. Baturiyar ta damƙa mini kwaɗo da makulli a gaban jama'a, ta ce in fari ya zo a kulle famfon, ruwan ya zama na ƙananan yaran unguwa kaɗai. Inna ta dube ni ta ce, “Wa za ki kulle wa ruwa, ƙanin ubanki?” Na rataye kwaɗon a ƙusa, har ya fara tsatsa.

Sai fari ya zo, irin wanda ko Inna ta ce ba ta taɓa gani ba. Kwakwa ta ƙanƙance, ka fasa uku ba ka cika kofi ba, rijiyoyi suka yi zartsi. Sai bubuti ya fara. Kai ma ka sani, in ɗan'uwa ya tsaya a ƙofarka ya furta kalmar nan, ko rigar jikinka ce sai ka tuɓe ka ba shi. Wannan ta zo da buta don shayin baƙi, wancan da bokiti don bikin ɗiyarsa, wata ma gashi za ta wanke. Tanki ya ƙare ƙaf, muka koma rijiya. Ina tafasawa, Allah ne shaidata, amma yaron da ya kwaso ƙishi daga wasa ba ya jiran tukunya ta huce. Amai da gudawa suka kama Tabera da Teuea rana guda. Nas ɗinmu ta yi iya ƙoƙarinta da ruwan gishiri da sukari, ledar ƙarin ruwa ta ƙare mata, jirgin da zai kawo bai zo ba. Tabera tana haɗiyewa, Teuea kuwa duk abin da na ɗura masa sai ya dawo. A cinyata ya cika, bakinsa a bushe.

Daga baya ƙungiyar ta turo wani ma'aikacinta ɗan birnin Tarawa da kwalaben gwaji. Ya gwada rijiyoyin, ya bi su yana shafa musu jan fenti alamar kada a sha, har da tamu. Ya ce ƙarin tankuna na cikin kashi na biyu na aikin, in manya sun sa hannu. Inna ta ce masa, “To ɗana, kafin nan fentin za mu sha?” Bai iya ɗaga kai ba, har tausayi ya ba ni.

Makon jiya aka ɗan yi yayyafi. Da na ƙwanƙwasa tankin, ruwan bai wuce gwiwata ba. Na sauko da kwaɗon na kulle, na ɗaura makullin a ƙuguna. Yaron da ya zo, na kowane gida ne, ina ba shi ya sha a gabana, babba kuwa ko ɗigo. Ran Lahadi Baffa Katarake ya zo da butarsa, ya rame, ruwan zartsi na ƙona masa ciki. Ya ce bubuti. Baraniko, mutumin da ya ciyar da mu bayan rasuwar Baba, na dubi idonsa na ce a'a. Sai ya ce ashe ya yi tsawon rai har ya ga ranar da ɗiyar wansa ta zama Baturiya. Ya ajiye butar a bakin ƙofa ya tafi.

Tun ranar ba mai zama kusa da ni a coci. Kifin da Tiaon ya aika wa dangi an dawo mana da shi. Inna ta juya mini baya, Tiaon kuma kullum sai ya ce in ba shi makullin a zauna lafiya. Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro, kuma na san ba zan daɗe a haka ba: ko ruwan ya ƙare, ko in karaya in buɗe. Kowanne aka yi, Tabera rijiya za ta koma, jikinta kuwa ba zai ɗauki ciwon nan karo na biyu ba.

Saboda haka ni ma na zo ƙofarka. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi, yau ina yi: bubuti. Ka nemo mata takardu, ka zo ka ɗauki 'yarka tun tana gudu da ƙafafunta. Kada ka aiko da kaya, kada ka ce sai an gama tsinkar tuffa. Ni na ƙi amsa kalmar nan, kai kada ka ƙi.

Ka gaishe mini da Rakera, ka zaunar da ita kafin ka karanta mata. Ka gaida abokinka Kaburoro da iyalinsa. Tiaon yana gaishe ku, Inna ma na san tana gaishe ku, ko da yake ba ta bakina za ta aiko ba. Tabera ta ce a gaya wa Babanta ya sayo takalma ƙafa biyu, nata da na Teuea.

Yayarka,
Aroita.