Har Yanzu Mama Tana Jiran Ɗanta Ya Zo Kirsimeti

Admin, don Allah ki saka min wannan ba tare da sunana ba, akwai 'yan cocinmu da yawa a guruf ɗin nan.

Salama gare ku 'yan uwa, Kirista da Musulmi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma lokaci ya ƙure min, kafin Lahadi mai zuwa dole in san abin da zan yi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa maganar nan daga farko har ƙarshe bai katse ni da wa'azi ba.

Ni 'yar wajen Michika ce, amma shekara goma da ɗoriya ke nan ina zaune a Jimeta, ni da 'yata da uwar mijina da nake kira Mama. Mijina zan kira shi Tumba a nan, ba sunansa na gaskiya ba ne. Shekarar da aka yi gudu, ranar da mutanen dajin nan suka shigo ƙauyenmu, mun samu mun haura dutse, ina da goyo a baya Mama tana riƙe da gefen zanina. Tumba ya kawo mu har sama, sai ya juya ya ce zai koma ya ɗauko Baba, mahaifinsa, da ciwon ƙafa ya hana shi gudu. Na yi kuka na yi masifa, bai ko tsaya saurarena ba. Daga baya da aka samu aka koma, an tarar da gawar Baba a bakin rafi an binne shi, Tumba kuwa ba shi ba labarinsa. Mun zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Damare, daga nan na samu aikin shara a wata makarantar kuɗi na kama mana ɗaki. Duk inda na ji an ce an sako mutane ko wasu sun kuɓuto daga daji sai na je na duba fuskoki, har na gaji da dubawa.

Kun san yadda muke da Kirsimeti, ko da kunu aka kwana sai an yi ankon gida, uwa da uba da yara atamfa ɗaya. Kirsimetinmu na farko a ɗakin haya na lallaɓa na sayo mai arha wadda za ta ishe mu mu uku. Mama idonta ya riga ya fara mutuwa, da hannu take ganin kaya, ta shafa ta shafa sai ta ce, "Ina na shi? In ya shigo ran Kirsimeti da wane kaya zai tafi coci, da tsumman daji?" Na koma kasuwa na ƙaro yadi. Akwai rigarsa ɗaya da ta biyo ni cikin ƙunshin gudu, ita na kai wa telan layinmu, wani dattijo Bafulatani da muke kira Bappa Hamidu, na ce ya auna da ita. Tun daga wannan shekarar ba a taɓa fashi ba, kowane Kirsimeti sai an ɗinka wa Tumba riga.

Kuma ba ɗinki kawai ba, Mama har gyaran awo take bayarwa. Wata shekara ta ce a rage faɗi don a can ba ya ƙoshi, wata shekara ta ce a ƙara don yanzu ya zama magidanci, tumbi ya fara fitowa irin na ubansa. Ni ce mai kai saƙon, wani lokaci ina tafe ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Bappa Hamidu bai taɓa yin ko murmushi a kai ba, Adda yake kirana irin girmamawar Fulani, in ya miƙo min ledar sai ya ce, "Adda, Allah ya sa ya saka da kan shi." Ran Kirsimeti da safe sai na goge rigar an rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa kafin mu tafi sujada, in an dawo ana rabon shinkafa ga maƙwabta sai an zuba tasa da cinyar kaza an rufe. Da yamma Mama ta kira 'yata ta ce ta zo ta ci, babanta ya bar mata. Bayan sabuwar shekara a ninke rigar a sa a akwati kan 'yan uwanta. Ba zan ce muku abin bai taɓa isata ba, ina da saurin fushi kuma Mama ma ba kanwar lasa ba ce, mun sha yi a kan rigar nan. Amma ni ma ɗin da nake mita, duk jajiberen Kirsimeti in keke ya tsaya a ƙofar gidanmu sai na leƙa in ga ko shi ne.

To farkon watan nan na shiga kasuwar Jimeta sayen atamfar bana. Na gama ciniki ke nan ina riƙe da leda sai na ji an kira ni da sunan da ba mai kirana da shi sai mutanen ƙauyenmu. Wata maƙwabciyarmu ce, Saratu, tana cikin matan da aka kama ranar nan, ashe ta kuɓuta da daɗewa ta zauna can wajen Kamaru, biki ne ya kawo ta Yola. Muka rungume juna muna kuka, sai ta kama hannuna ta ce, "Ya haƙurin Tumba? Ki yafe ni, ban samu na zo miki gaisuwa ba." Ita duk zatonta na sani tuntuni. Da ta ga yadda nake kallonta sai ta dafe baki, mai shagon ne ya jawo min benci na zauna. Na ce ta faɗa min duka kada ta rage. Ta ce a bakin rafi aka tare shi da Baba a bayansa, suka gama da Baba a nan, shi kuma suka ɗora masa kaya suka tasa su gaba tare da matan, ba su yi nisa ba a gindin wani dutse ya tsaya ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba. A gabanta aka yi, ita ce ta yage gefen zaninta ta rufe masa fuska. Ta faɗa min har rigar da ke jikinsa, kuma ita ce. Wato tun ranar farko, kafin ma mu sauko daga dutsen nan, Tumba ba ya duniya.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Mama tana zaune a bakin ƙofa, tana jin takuna ta ce in kawo ta taɓa. Ta shafa atamfar ta ce mai kyau ce, bana a bar awon yadda yake bara. Na ce to Mama, na wuce banɗaki na cusa zani a baki na yi kukana ina zuba ruwa don kada ta ji. Tun ranar haka nake, a makaranta in na gama shara sai in shiga ajin da ba kowa in yi kuka in wanke fuska in dawo gida in dafa tuwo. Ga gari ya ɗauki hidima, yara suna koyon waƙoƙin Kirsimeti a coci, ƙamshin cincin ko'ina, 'yata tana ta murna an ba ta mala'ika a wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, ita ma ban faɗa mata ba. Mijina ya mutu, kuma ba ni da ikon ko ɗaura baƙin ɗankwali a cikin ɗakina. Na kai wa Bappa Hamidu ɗinkin, na ware namu mu uku na riƙe yadin Tumba a hannu na kasa miƙawa. Ya dube ni ya dubi yadin, sai ya cire tabarau ya yi salati a hankali. Ya ce in bar shi a wurinsa, in na ce a yanka zai yanka ko ran jajibere ne, in na ce a bari ba wanda zai ji daga bakinsa.

Mutum uku na faɗa wa, kowa da inda ya ja ni. Ƙanin mijina da ke aiki a Legas na kira, ya yi kuka sosai, yana gamawa kuma ya hau ni da faɗa, ya ce Mama tana da hawan jini, likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali, in na faɗa mata wani abu ya same ta to a wuyana yake. Na ce masa daga Legas ai komai da sauƙi, ba shi ke goge rigar ba, ba shi ke kallon fuskarta in an ƙwanƙwasa ƙofa ba, ya kashe wayar a kunnena. Yayata kuma cewa ta yi na ƙarar da ƙuruciyata a gadin akwatin riguna, in faɗa wa tsohuwa gaskiya a yi kuka a gama, ta ma fara lissafo min wani malamin makaranta da matarsa ta rasu, na ce ta rufa min asiri ko gawar mijina ban gani ba. Fastonmu bai matsa min ba, ya ce ikkilisiya a shirye take ta yi wa Tumba sujadar bankwana duk ranar da na ce, amma ba za a yi ta a ɓoye wa uwar da ta haife shi ba, kuma shi ba zai ce min in ci gaba da ƙarya ba. Na fito ofishinsa da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi.

Abin da ya sa na ce Lahadi kuwa shi ne, a cocinmu Lahadin da ke gaban Kirsimeti ana kiran gwauraye, matan da mazansu suka rasu, su fito gaba, a yi musu addu'a, zumuntar mata ta ba kowace zani da 'yar shinkafa. Tun bayan gudun nan layin ya yi tsawo har sai an yi sahu biyu. Mama tana fita saboda Baba, kuma da yake ba ta gani sosai ni ce nake kama hannunta in kai ta gaba, in tsayar da ita a sahu, in saki hannun in koma kujerata. Duk shekara haka, ina tafiya ina jin idanu a bayana. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce bangaskiya ce, ni kuwa ban san ko ni matar aure ce ko gwauruwa ba shi ya sa nake komawa in zauna. Bana na sani. Ba zani nake so ba, Allah ya gani, so nake sau ɗaya a kira ni da abin da nake, a ɗora min hannu, a ambaci sunan mijina a cikin coci a ce ya yi barci cikin Ubangiji. Mutumin da ya yi shekaru yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, ya raka gawawwakin mutane da muryarsa, shi ko baiti ɗaya ba a yi masa ba. Wannan yana cina ƙwarai.

Har na fara yanke shawarar zan zaunar da ita in faɗa mata, sai yau da safe ina shafa mata man zafi a gwiwa ta dafa kaina ta ce, "Yarinya na, na san kin gaji, ki ƙara haƙuri kaɗan. Ni ma jiki ya ƙare, abu ɗaya ne ya hana ni tafiya, ina so in kama hannun ki in sa a na shi in ce ga matan ka na riƙe maka, daga nan Yesu ya ɗauke ni." Na ce to Mama. Ban san sau nawa zan iya ƙara cewa to Mama ba.

'Yan uwa, abin da ya riƙe matar nan a duniya ni kaɗai a gidan na san babu shi. In na faɗa mata ina tsoron in binne ta kafin sabuwar shekara, in na yi shiru kuma zan ci gaba da ciyar da ita da ƙarya har ta mutu tana kallon ƙofa, 'yata ma ta girma tana jiran uban da ba zai zo ba. Waɗanda suka rasa nasu a rikicin nan, yaya kuka yi da tsofaffinku? Iyaye mata da ke guruf ɗin nan, in ɗanku ne, za ku so a faɗa muku ko a bar ku? Don Allah kada ku ce min in yi addu'a kawai, ina yi, gwiwata ta shaida. Ran Lahadi za a kira gwauraye, zan kama hannun Mama in kai ta gaba. In na tsaya kusa da ita ban saki ba, ba sai kowa ya faɗa mata komai ba, daga hannuna za ta gane. Ku faɗa min, in saki in koma kujerata, ko in tsaya?