Zaman Majalisa a Watan Yankan Ridi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Matasan Yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, ko da yake a haife na haife ka. Daga Doka nake rubuto maka, a kwance bisa angarib, gadonmu na igiya, don ƙuguna ya ƙi zama. Ni na jawo. Ranar da 'yata Hawwa, wakiliyar matasanmu, za ta yi jawabi a zaurenku, na hau kan lorin maƙwabci neman shabaka, wato sabis, don in saurare ta, waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Ina jin ta ce bismillah sai na hau tafi, na manta da hannun da nake riƙe da ƙarfe, sai ga ni a ƙasa. Sauran jawabin ban ji ba.

Ko firamare ban gama ba, amma ga ƙorafina.

Na farko, kun sa zamanku a Oktoba, tsakiyar yankan ridi. Ridi in ya nuna ba ya jira. Ka yi jinkiri kaɗan, kwanso ya tsage, shekararka ta zube a ƙasa.

Na biyu, Hawwa ce hannun damana a gona. Ni na ce ta tafi, har da bugun ƙirji. Da na faɗo, Ustaz Bashir, malamin da yaƙi ya koro daga Madani, ya tara 'ya'yansa suka yi mini gayya. Abin da suka ceto bai taka kara ya karya ba. Ta dawo ta tarar tururuwa na jidar sauran, ta ce in aka sake sa zama a wannan wata, za ta ajiye kujerar. Ba ta wasa. Halin uwarta ne.

A kwancen nan nakan lumshe ido da rana, in ga majalisarku ta sauka a gonata. Dammunan ridi a tsaye sahu-sahu kamar wakilai, iska na kaɗa su suna amincewa, gajimare na wucewa kan iyakar Gallabat ba mai tambayarsa takarda. Hawwa na magana, wannan karon ina ji har ƙarshe.

Roƙona, ku mayar da zaman bayan girbi, kada kujerun su zama na 'yan birni kaɗai. Kuma a turo mini jawabin nan.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka da hawan lori. Ni kuwa dawar 'yar gonar da Ustaz Bashir ya yi haya ta kusa nuna, gayya kuma da jiki ake biyanta. Hawwa ta ce za ta je a madadina, na hana. Da wannan ƙugun zan je, ko da rarrafe.

Wassalam.

Baban Hawwa,
Doka, Gadarif.