Kalmar da Kuka Cire daga Fim ɗin Sri Lanka

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ɗalibanmu ta Lyon,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida 'yan kwamitinka, da fatan karatu na tafiya lafiya. Na kira ka ban same ka ba, na bar saƙo ba amsa, shi ya sa na fito fili.

Ga wanda bai san zancen ba: ku kuka roƙe ni in sa rubutun Hausa a ƙarƙashin wani fim na harshen Sinhala, labarin wani minista da ya danne jam'iyyarsa, ya danne matarsa. Ba na jin Sinhala. Daga fassarar Faransanci na yi aikin.

1. Ina cikin aikin kunnena ya kama wani abu. Kalmar da direba ke kiran ministan da ita, ita 'yan jam'iyya ke faɗa in sun rusuna, ita kuma matar ke faɗa in ta kawo masa shayi. Faransanci ya raba ta uku. Mu muna da ita guda: Maigida. Ita na sa ko'ina, domin a kanta fim ɗin yake tsaye.

2. Ranar kallo na taso daga Sevran da ciwon gwiwata, na sha hanya har Lyon. Aka kashe fitila, sai na ga matar tana cewa "mijina", direba yana cewa "ranka ya daɗe". Maigida babu ko ɗaya. Sunana kuwa yana nan a ƙarshe, a kan aikin da ba nawa ba.

3. Daga baya wani cikinku ya faɗa mini dalili. Babban baƙonku, Alhajin da ya zo daga gida neman ƙuri'un 'yan ƙasarmu mazauna waje, Maigida kowa ke ce masa. Yana zaune a gaba, Hajiyarsa a bayansa. Kun ji tsoron a yi dariya.

Shugaba, a Lyon ɗin nan na yi karatu tun ba a haife ka ba. Ni da abokaina muna da wani ɗaki kusa da kogi, da tsohon injin haska fim, da zanen gado fari a bango. Mu kalli fim ɗin ƙasar da ba mu san inda take ba, mu yi ta gardama har mai gadi ya kore mu. A nan na fara gane cewa yadda mahaifiyata ke durƙusa wa mahaifina a Damagaram, haka shi ma yake durƙusa wa kumandan Turawa, kuma da kalma ɗaya. Mun rantse za mu koma gida mu tayar da kowa tsaye. Rabin abokan nan yau su ake durƙusa wa. Ni na ƙare da duba kwalaye a Aubervilliers, da digirina a akwati. Amma ko a lokacin da ba mu da kwat ɗin sanyi, ba mu taɓa yanke fim don wani ya zauna daidai a kujera ba.

Na ji wata mai zuwa za ku nuna shi a Belleville. Roƙona biyu ne. Ku mayar da kalmar duk inda na sa ta. In ba za ku iya ba, ku cire sunana, ku tsaya gaban mutane ku ce ku ne kuka gyara.

Akwai matan da za su zo kallon nan waɗanda ba sa karanta Faransanci. Saboda su na karɓi aikin, ba saboda baƙinku ba.

Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya ƙara muku zuciya, Ya mayar da ku gida da kanku a sama.

Wassalam.

Malam Isufu Mamman,
Sevran.