Na Je Kallon Kufan Garinmu, An Ce Na Taɓu

Zuwa ga Goggo Yelwa,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara tun ba a sa ni a turu ba, kuma tun aurena bai watse ba. Lafiyata lau, Goggo. Na fara da wannan ne saboda a garinmu yanzu ni kaɗai ke da wannan ra'ayin.

Ni ɗan Tambuwal ne, ina aikin ofis a Sakkwato tun da aka ba mu jiha. Bara aka tura ni kwas Kano. A can na ga Turawa, rana ta mai da su jajur, suna zagaya ganuwa da marina suna ɗaukar hoton abin da mu ko kallo bai ishe mu ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ashe mu ma muna da irin wannan a gida, tun ina yaro nake wuce shi, ban taɓa tsayawa ba sai in fitsari ya matse ni. Da aka ba ni hutu sai na sayi kyamara da 'yar rikoda da malafa da baƙin tabarau, na hau babur ɗina na taho in yi wa garinmu yawon buɗe ido kamar baƙo.

Na fara da ragowar tsohuwar ganuwa, wadda yanzu awaki ne masu gadinta. Na leƙa wata rijiya da aka daina ja tun zamanin kakana. Daga nan na nausa wani kufai a gefen hanyar Kebbe, inda ba abin da ya rage sai kukoki da fasassun tukwane. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na zauna gindin wata tsamiya, rana tsaka, ina faɗa wa rikoda abin da na gani don kada in manta, ina mayarwa ina saurare. Wani wurin har na yi dariya. Ashe wasu mata masu itace suna laɓe bayan kuka. Labarin da suka kai gari shi ne sun ga ɗan gidan su wane shi kaɗai a gindin tsamiya, ido rufe da baƙi, yana magana ana amsa masa da muryarsa, yana ƙyalƙyala dariya.

Inna ta tare ni tun daga ƙofa da garwashi da turaren hayaƙi. Tun ranar ban ƙara shan farin ruwa ba sai rubutu, harshena ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Guntayen kaskon da na tsinto kuwa da ludayi ta kwashe su daga aljihuna, ta sa aka mayar inda na ɗauko tare da ba masu wurin haƙuri. In na ce tarihi na je gani, sai ta fashe da kuka, wai ai haka duk suke cewa. In na yi shiru, wai jikin ne ya tashi.

Duk wannan mai sauƙi ne. An sa ranar aurena da Saudatu, 'yar Malam Maccido na Kebbe, bayan girbi. Da labari ya isa can sai ya aiko wai a ɗan dakata har in samu sauƙi. Na ce bari in je da kaina ya gani da idonsa. Na sa babbar riga, na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini 'yan tambayoyi na amsa daidai, har fuskarsa ta fara sakewa. Sai tsautsayi ya ɗaga mini kai na kalli zaurensa. Goggo, ginin ƙasa ne irin na da, azara ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Ban san lokacin da na zaro kyamara daga cikin riga ba. Na ce masa wannan zaure kayan tarihi ne, kada ya bari a taɓa shi, Turawa ma za su zo kallo. Wallahi yabo nake yi. Ashe duk layin nan shi kaɗai ne bai sa siminti da kwano ba, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai. Ya miƙe ya ce in gaida gida. Tun ranar ba aike, ba saƙo.

Hutuna ya kusa ƙarewa. In na daina yawon, za a ce rubutu ya yi aiki, ke nan na amsa cewa da can na taɓu. In na ci gaba, na rasa Saudatu, kuma ina sonta har raina. Ga shi an ce akwai wani kufai wajen Jabo da ya fi wannan, ban kai ga gani ba. Yaya zan yi?

Naki,
Baƙo a Garin Ubansa

Ɗana Baƙo,

Na yarda lafiyarka lau. Ban taɓa jin aljanin da ke aiken mutum sayen batir ba.

Sha'awarka ba laifi ba ce. Wuraren nan kowace damina zubewa suke, wanda ya adana hotonsu ya yi wa jikokinmu alheri. Amma ka kwaikwayi Bature har inda bai kamata ba. Shi ba a san uwarsa ba, ba ya neman 'yar kowa. In ya zauna gindin tsamiya da tsakar rana sai a ce halinsu ne. Kai an san gidanku. Matan nan abin da suka gani suka faɗa, Inna kuma tsoro ne ya kama ta don kai ɗanta ne. Ka ci gaba da shan rubutun, ba zai kashe ka ba. Ka kunna mata rikodar a tsakar gida, ta yi magana ta ji muryarta, maƙwabta na kallo.

Kufai kuma yana da jikoki. Ka kai wa dattawan unguwa goro, ka roƙi ɗaya ya raka ka da hantsi. In aka gan ka bayan tsoho yana nuna maka wuri da sanda, sunanka mai neman sani.

Babban aikin yana Kebbe. Da taɓuwar ce kaɗai, da Malam Maccido ya tausaya, lalura ce. Kai kuwa gidan dattijo ka shiga, ka nuna abin da yake jin kunyarsa, ka ce a zo kallo. Ka ce tarihi, shi talauci ya ji. Kada ka koma da bayani, bayaninka ne ke ƙara ɓata lamarin. Ka sa baffanka gaba, ka bar kyamara a gida, ka durƙusa ka ce ka yi kuskure, ka tsuke bakinka. Kada kuma ka yi tayin saya masa kwano, zagi na biyu ke nan.

Kufan Jabo ka bar shi sai bayan biki. Na lura ka ba ganuwa da fasassun tukwane shafi guda, Saudatu layi biyu, ba ka ma ce mini ka aika ka ji halin da take ciki ba. Ita ce fa ake nunawa da baki duk inda ta bi, ana cewa ga amaryar mai tsamiya. Ka tura mata 'yar'uwarka yau, ba gobe ba. Ba wanda zai riga ka auren kufai, amma a Kebbe ba kai kaɗai ke da babur ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Malam, ya nuna mana ranar ɗaurin aure lafiya.

Taka,
Goggo Yelwa